Babi Na Huɗu: Naɗin Zaren Gado Da Masu Tsaronsa

Akwai wata tambaya da iyaye mata suka sha yi wa likitocin yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da sauran asibitocin ƙasar nan, wadda kuma duk wanda aka jarrabi gidansa da ciwon sikila ya taɓa yin ta ko da a zuci. In dai gaskiya ne ciwon nan gadonsa ake yi, kuma yaro yana ɗauke da shi tun ranar da aka yi cikinsa, to, me ya sa ake haihuwar jariri lafiya lau, a yi suna, a yi arba'in, yana tsotso yana ƙiba, sai ya doshi wata shida sannan hannuwa da ƙafafu su fara kumbura, kuka ya ƙi ƙarewa? Ina ciwon ya ɓuya a watannin farko?

Wannan mas'ala tana da 'yar'uwa wadda ɗalibai suka fi yawan kawowa. Mun yi bayani a babin da ya gabata cewa kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da kundin gado iri ɗaya, ba ragi ba ƙari. To, in haka ne, mene ne ya hana ƙwayar ido ta yi aikin hanta, kuma mene ne ya hana ƙwayar fata ta riƙa yin jini? Jawabin tambayoyin biyu ɗaya ne, kuma ba za a kai gare shi ba sai an san yadda ake naɗe zaren gado a cikin ƙwaya, da waɗanda aka ɗora wa aikin naɗin, da abin da ke aukuwa idan suka gaza.

Zare mai tsawon mita biyu

Da za a zaro zaren gadon nan da ake kira DNA daga cikin ƙwaya guda ta jikin mutum, a haɗa guntayensa baki da baki a miƙe shi, da tsawonsa ya kai wajen mita 2, wato ya ɗara tsayin yawancin mazaje. Alhali kuwa ɗakin da aka ajiye shi, wanda ake kira cibiyar ƙwaya, faɗinsa bai wuce a raba milimita ɗaya gida 1,000 a ɗauki kashi 6 zuwa 10 ba. A kan wannan zare akwai haruffa wajen biliyan 6, rabi daga uwa rabi daga uba, an kasa su guntaye 46 da ake kira kuromosom. Kowace dabba mai shayarwa da nata adadin: saniya da akuya 60, tunkiya 54, kyanwa 38, doki 64, jaki 62, shi kuwa alfadari, da yake ɗan jaki ne da goɗiya, 63 gare shi, kuma rashin daidaiton nan yana cikin dalilan da suka hana shi haihuwa.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da masaƙi ya san cewa dogon zare ba a barin sa a warware, domin da zarar an tara shi haka nan sai ya cukurkuɗe, in aka ja kuma ya tsinke. Shi ya sa ake naɗe shi a kwarkwaro, a riƙa sakin iyakar abin da saƙa ke bukata. Haka al'amarin yake a cikin ƙwaya, sai dai sharaɗin da ke kanta ya fi na masaƙi tsanani, gama dole ne naɗin ya matsu har zaren ya shiga cibiya, dole ne kuma ya saku a wuraren da ake son karanta umarni, sannan duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu sai an kwafe haruffan nan kaf, an raba su daidai wa daida, ba tare da ko guntu ɗaya ya ɓace ba. Zaren gado tare da furotin ɗin da aka naɗe shi a kansu, su ne a haɗe ake kira kuromatin.

Abin da ido ke gani a madubin likita

Ba sai an je Turai ba kafin a ga kuromatin. A Vom, kudu da Jos, inda aka kafa ɗakin binciken cututtukan dabbobi tun 1924, da kuma kowane ɗakin gwajin jini da ake neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, aikin yau da kullum ne a ɗiga jini a kan gilashi, a shafe shi siriri, a bar shi ya bushe, a zuba masa rinin Giemsa, a sa a ƙarƙashin madubin likita. Abin da zai fara cika ido shi ne jajayen ƙwayoyin jini, masu koɗaɗɗen tsakiya, waɗanda ba su da cibiya ko kaɗan, domin a dabbobi masu shayarwa jar ƙwaya tana matse cibiyarta tun tana cikin ɓargo, sannan ta fitar da ita waje kafin ta shiga jini. Da jinin kaza ne, da an ga kowace jar ƙwaya da cibiyarta. Can a tsakaninsu kuma sai a hangi farar ƙwaya, cibiyarta ta sha rini ta yi shunayya, kuma in aka ƙura ido za a ga launin bai zama bai ɗaya ba: wani wuri ya yi duhu ƙwarai, musamman ta gefe-gefe, wani wuri kuwa ya yi haske.

Wani Bajamushe mai suna Walther Flemming shi ya raɗa wa wannan abu suna wajen 1880, sannan a 1928 wani masanin tsirrai, Emil Heitz, ya lura cewa akwai sassan kuromosom da ke zama a dunƙule da duhunsu ko da ƙwaya ta gama rabuwa, sa'ad da sauran sassan suka warware. Masu duhun nan su ake kira heterokuromatin, mu kuwa za mu riƙa ce musu matsattsen kuromatin, masu hasken kuma sakakken kuromatin. Bincike ya tabbatar daga baya cewa galibin umarnin da ƙwaya ke aiki da shi yana cikin sakakken, shi kuwa matsattsen yawancinsa shiru yake. Shekaru da yawa ana ɗaukar sa tarkace marar amfani, har ma da aka yi shelar kammala karanta kundin gadon ɗan Adam a 2003, an bar wajen kashi 8 cikin 100 ba a karanta ba, mafi yawansa daga wannan sashe, kuma ba a cike giɓin ba sai a 2022.

Kwarkwaron da ake kira histon

Furotin ɗin da ake naɗe zaren a kansu sunansu histon, kuma Albrecht Kossel ne ya gano su a 1884, amma sai da aka yi shekara 90 kafin a fahimci tsarinsu. A 1974 Roger Kornberg ya bayyana cewa histon guda 8 ne ke haɗuwa su yi dunƙule ɗaya, biyu-biyu daga iri huɗu da ake kira H2A da H2B da H3 da H4, zaren kuma ya kewaye dunƙulen sau biyu ba kaɗan, ya ɗan miƙe, ya sake kewaye wani. A 1997 Karolin Luger da Timothy Richmond, a birnin Zurich, suka fitar da siffar dunƙulen dalla-dalla, inda aka ga haruffa wajen 147 ne ke naɗe a kowane ɗaya. Irin wannan dunƙule, wanda ake kira nukiliyosom, akwai wajen miliyan 30 a cikin ƙwaya guda. Abin da ke riƙe da naɗin kuwa shi ne saɓanin cajin lantarki, domin zaren yana ɗauke da caji iri ɗaya, histon na ɗauke da kishiyarsa, sai suka manne wa juna.

Wanda ke son ya san girman matsayin waɗannan furotin a halitta, to, ya dubi wannan: histon H4 yana da gaɓoɓi 102, kuma da aka gwada na ɗan maraƙi da na wani irin wake, sai aka tarar a gaɓa 2 kaɗai suka saɓa. Saniya da wake ba su yi kama ta kowace fuska ba, amma kwarkwaron da ke riƙe da gadonsu kusan ɗaya ne, abin da ke nuna cewa sauyi kaɗan a wannan wuri halaka yake jawowa.

Bayan naɗin farko akwai na biyu da na uku. Histon na biyar, H1, yana kama zaren a inda ya shiga da inda ya fita daga dunƙule. Wasu furotin masu siffar zobe, kohesin da kondensin, suna lanƙwasa shi su yi masa manyan madaukai. Kuma idan lokacin rabuwar ƙwaya ya yi, sai a ƙara matse shi har tsawonsa ya ragu wajen sau 10,000. Mafi tsananin matsi kuwa yana cikin maniyyi, inda ake cire galibin histon a maye gurbinsu da wani ƙaramin furotin mai suna furotamin, don gadon uba ya yi tafiyarsa a kintse.

Alamar buɗewa da alamar rufewa

Saura mu san wanda ke yanke hukuncin inda za a matse da inda za a saki. Kowane histon yana da ɗan wutsiya da ke leƙowa waje daga dunƙule, kuma a kan wutsiyar nan ake liƙa alamomi. Tun 1964 Vincent Allfrey ya nuna cewa ana liƙa wa histon wasu ƙananan sinadarai, ɗaya ana kiransa asetil, ɗaya metil, ya kuma yi hasashen cewa suna da hannu a buɗe umarni da rufe shi. Asetil yana rage cajin histon, sai riƙon ya sassauta, masu karatu su samu hanya. Shi kuwa metil, hukuncinsa ya danganta da gurbin da aka sa shi.

Gurbin da ya fi shafar bahasinmu shi ne gaɓa ta 9 a wutsiyar H3. A shekarar 2000, a birnin Vienna, Thomas Jenuwein da abokan aikinsa suka gano cewa wani furotin na dabbobi masu shayarwa, SUV39H1, aikinsa shi ne liƙa metil a wannan gaɓa. A shekarar da ta biyo kuma aka tabbatar cewa wani furotin, HP1, wanda Sarah Elgin ta fara ganowa a jikin ƙuda a 1986, yana gane alamar ya kama ta. Idan HP1 ya kama dunƙule ɗaya, sai ya kama ɗan'uwansa da ke kan dunƙulen kusa, su jawo su wuri guda, sannan ya kira mai liƙa alamar ya liƙa wa na gaba, shi ma a kama shi, da haka rufewar ke yaɗuwa a kan zaren har ta ci karo da iyaka. Ana kuma ƙarfafa ta da alama ta biyu a jikin zaren kansa, inda ake liƙa metil a kan ɗaya daga haruffansa, wato C, sannan a jingina sashen da aka rufe a bangon cibiya, wanda aka shimfiɗe da wani furotin mai suna lamin. Wannan ne duhun da ake gani ta gefe-gefe a madubin likita.

Babban abin lura shi ne alamomin nan suna bin ƙwaya zuwa 'ya'yanta. Idan ƙwayar hanta ta rabu, ana raba tsofaffin histon tsakanin sababbin zaruruwa biyu, masu liƙa alama kuma su bi sawu su cike sauran, saboda haka 'yar ƙwayar hanta hanta take zama. Kundin ɗaya ne a ido da hanta da fata, wuraren da aka rufe ne suka bambanta. Hujjar haka ta fito fili a 1996, sa'ad da masana a Sukotlan suka ɗauki cibiyar ƙwaya daga hantsar tunkiya, suka sa ta cikin ƙwan da aka cire wa tasa cibiyar, ƙwan ya goge alamomin, aka haifi tunkiyar da aka sa wa suna Dolly.

Hikimar rufewa

Mai karatu zai iya cewa, to, mun ji amfanin rufe umarnin hanta a cikin ido, amma mene ne amfanin sassan da ke rufe a kowace ƙwaya har abada? Amfaninsu uku ne, kuma dukansu tsaro ne.

Na farko ya shafi ƙugun kuromosom, wato wurin nan da ya tsuke, inda igiyoyin rabuwa ke kamawa su ja kowane kwafi zuwa ɓangarensa. A jikin mutum wannan wuri cike yake da jerin haruffa 171 da aka maimaita sau dubbai, kuma matsattsen kuromatin da ke kewaye da shi yana taimakawa wajen ba shi ƙwari, ya kuma hana maimaitattun haruffan rikicewa da juna. In ya yi sako-sako, sai wata ƙwaya ta tafi da kuromosom fiye da rabonta, wata ta tafi da ƙasa da haka.

Na biyu ya shafi bakin kuromosom. Ƙwaya tana da masu gyara da ke ɗinke duk inda suka ga zare ya tsinke, kuma da za su ɗauki ƙarshen kuromosom a matsayin tsinkewa, da sun ɗinke kuromosom biyu wuri guda, abin ya zama fitina. Saboda haka aka rufe kowane baki da jerin TTAGGG da aka maimaita, aka kuma lulluɓe shi da wasu furotin guda 6 masu ɓoye shi. Binciken wannan baki ne ya ba Elizabeth Blackburn da Carol Greider da Jack Szostak lambar Nobel a 2009.

Na uku shi ne mafi ban mamaki. Umarnin da ake yin furotin da shi, wanda yawansa wajen 20,000 ne, bai cika kashi 2 cikin 100 na kundin gado ba, alhali kusan rabin kundin ragowar wasu guntaye ne masu iya kwafar kansu su faɗa wani wuri. Barbara McClintock ce ta fara gano irinsu a cikin masara, aka daɗe ba a ba maganarta muhimmanci ba, sai a 1983 aka ba ta lambar Nobel. Yawancin waɗanda ke jikinmu sun riga sun lalace, amma akwai kaɗan masu sauran ƙarfi, kuma a 1988 aka samu yara masu ciwon rashin daskarewar jini waɗanda sanadin ciwonsu shi ne ɗaya daga guntayen nan ya faɗa tsakiyar umarnin da ke sa jini ya daskare. Abin da ke hana irin wannan yawaita shi ne ƙwaya tana bin su tana rufewa da alamar metil, dare da rana, tun daga farkon halittar ɗan tayi.

Idan masu tsaro suka gaza

Malaman wannan fanni ba su tsaya a kan ƙiyasi ba, sai da suka jarraba. A 2001 mutanen Jenuwein suka samar da ɓeraye waɗanda aka cire wa masu liƙa alamar nan ta gaɓa ta 9 guda biyu. Da yawa daga cikinsu ba su kai ga haihuwa ba. Waɗanda aka haifa suka tashi tsumburarru, adadin kuromosom a ƙwayoyinsu ya rikice, mazan suka kasa haihuwa, wasu kuma sankarar ƙwayoyin garkuwar jiki ta kama su. Ba a taɓa harafi ɗaya na umarnin da ke gina hanta ko jini ba, masu naɗi kawai aka ɗauke, amma kundin duka ya girgiza.

A jikin ɗan Adam ma an ga misalinsa a wasu cututtuka da ba a cika samu ba. Akwai wanda ake kira ICF, wanda aka gano a 1999 cewa sanadinsa lalacewar mai liƙa metil ne a jikin zare: kewayen ƙugun kuromosom na 1 da na 9 da na 16 sai ya warware, garkuwar jikin yaro ta yi rauni. Akwai kuma ciwon tsufan wuri, wanda aka gano a 2003 cewa illar lamin ce ke kawo shi: bangon cibiya ya yamutse, matsattsen kuromatin ya ragu, yaro ɗan shekara 10 ya yi kamannin dattijo, kuma yawancinsu ba sa kaiwa shekara 20. Ƙwayoyin sankara iri-iri su ma an tarar alamun rufewa sun ragu a faɗin kundinsu, a lokaci guda kuma an rufe wasu umarni masu hana ƙari girma, waɗanda bai kamata a rufe ba.

Kyanwa mai launi uku

Akwai hujja guda da mai karatu zai iya gani da idonsa a cikin unguwa, ko a Gangare yake ko a Bukuru. Kyanwar da ta haɗa baƙi da ja da fari a jikinta, in ka bincika, kusan kullum mace ce. Dalili kuwa shi ne mace tana da kuromosom X guda biyu, namiji ɗaya, kuma don kada aikin ya ninka a jikin mace, sai kowace ƙwaya, tun ɗan tayi yana 'yan kwanaki, ta zaɓi X ɗaya ta dunƙule shi kusan gaba ɗaya. A 1949 Murray Barr, a Kanada, ya ga wannan dunƙule kamar ɗigon duhu a cibiyar ƙwayoyin jijiyar kyanwa mace, ba ya kuma ganin sa a na namiji. A 1961 Mary Lyon, a Ingila, ta bayyana ma'anarsa.

Umarnin launin ja ko baƙi a kyanwa yana kan X. In ta gaji ja daga uwa, baƙi daga uba, to, ƙwayar da ta rufe X na uwa za ta ba da baƙin gashi ita da zuriyarta duka, wadda ta rufe na uba kuma ta ba da ja, shi ya sa launin ke fitowa fage-fage. Farin kuwa wani umarni ne dabam. Kowace mace a cikin 'yan Adam haka jikinta yake, sai dai nata ba ya bayyana a fata.

Jawabin mas'alar sikila

Yanzu muna da abin da za mu amsa wa iyaye mata da shi. Sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jar ƙwaya, wato himogulobin, manyan irinsa biyu ne a rayuwar mutum: akwai na ɗan tayi, wanda ya fi ƙarfin jawo iska daga jinin uwa, akwai kuma na babba, kuma umarninsu yana jere kusa da juna a kan kuromosom na 11. Sauyin harafi ɗaya da ke kawo sikila yana cikin umarnin na babba ne kaɗai. Jariri yana zuwa duniya galibin jininsa na ɗan tayi ne, shi ya sa yake lafiya. A watannin farko sai jiki ya riƙa rufe umarnin ɗan tayi yana buɗe na babba, kuma sa'ad da musayar ta yi nisa, wajen wata shida, sai ciwon ya bayyana. Wata likitar yara a Amurka, Janet Watson, ita ta fara lura da haka a 1948.

A 2008 Stuart Orkin da Vijay Sankaran, a Boston, suka nuna cewa furotin mai suna BCL11A shi ne babban mai rufe umarnin ɗan tayi, yana zama a kansa ya kira masu cire asetil da masu gyara zaman histon. Wannan rufewa ba ta kai tsananin ta X ba, amma usulinsu ɗaya. Daga nan tunani ya buɗe: in an hana mai rufewa aikinsa a cikin ɓargo, jinin jarirantaka zai dawo. A ƙarshen 2023 hukumomin magani na Birtaniya da Amurka suka amince da maganin Casgevy, wanda ke yin haka, sai dai kuɗinsa a Amurka ya haura dala miliyan 2, ga kuma wahalar dashen ɓargo. Nijeriya kuwa, wadda ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, inda wajen mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da AS, abin da ke kusa da hannunta shi ne maganin haidiroksiyuriya, wanda shi ma yana ƙara jinin ɗan tayi, kuma an jarraba shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano don kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Ba a shan sa sai da umarnin likita da awon jini a kai a kai. Gwajin jini kafin aure kuwa har yanzu shi ne rigakafin da ya fi kowanne sauƙi.

Darasi ga mutanen ƙasar kuza

Tsaron nan da muka bayyana yana da iyaka, kuma mutanen Jos suna da dalili na musamman na sanin haka. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka shiga haƙar kuza a kan tsaunin nan, suka bar kududdufai da tsibin yashi daga Rayfield zuwa Bukuru har Barkin Ladi. Yashin da ke saura bayan an tace kuza yana ɗauke da wasu ma'adinai, irin su monazait da zirkon, waɗanda ke fitar da haskoki marasa ganuwa masu ratsa jiki, kuma masu bincike daga jami'o'in ƙasar nan sun auna sun tarar ƙarfinsu a wuraren tace kuza ya ɗara na sauran ƙasa. Illar irin waɗannan haskoki ita ce suna iya tsinke zaren gado gaba ɗaya.

Gwaje-gwaje sun nuna cewa zaren da ke matse ya fi wanda ke sake tsira daga wannan ɓarna. Amma idan tsinkewar ta auku a cikin matsattsen sashe, gyaranta ya fi jinkiri, domin sai an sassauta naɗin kafin masu gyara su shiga, sannan a mayar da shi yadda yake. Ƙwaya tana da hanyar yin kururuwa: cikin 'yan mintoci ana liƙa alama a kan wani histon mai suna H2AX a kewayen wurin da ya tsinke, kamar yadda William Bonner ya gano a 1998, masu gyara kuma su taru a kan alamar. Galibi gyaran yana yin kyau, amma kowace tsinkewa dama ce ta kuskure, kuma kuskure taruwa yake yi da shekaru. Don haka hankali ya wajabta kada a yi gini ko yaɓe da yashin da aka tace kuza, kada a tara shi a tsakar gida inda yara ke wasa, masu aikin tacewa kuma su rufe hanci da baki daga ƙurarsa.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe daga wannan babi shi ne lafiyar gado tana rataye a kan abu biyu, ingancin haruffan da kuma amincin furotin ɗin da ke naɗe su, suna buɗe abin da ya dace a lokacinsa, suna rufe abin da rufe shi ne maslaha. Mun ambaci masu gyara a gurguje, alhali kowace ƙwaya tana samun rauni dubbai a zarenta kowace rana, wasu daga hasken rana, da hayaƙi, da gubar funfunar da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi. Su wane ne masu gyaran nan, yaya suke gane harafin da ya ɓaci a cikin biliyan 6, kuma ta wace hanya gazawarsu ke zama sankarar hanta ko ta mama, wannan shi ne bahasin babi na biyar, in Allah ya yarda.